Hokin guragu a kan ƙanƙara, da katakonmu mai boris

Ɗan Bolari: Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya da dare ina shago ina jiran cajin wayoyin mutane ya cika, na ci karo da wani bidiyo da ya hana ni barci. Wasu ƙarti ne zaune a kan 'yar kujera mai dogon hanci, ƙafafunsu a miƙe an ɗaure da bel, wasu ma ba ƙafar ɗungum. Kowa da gajerun sanduna biyu a hannu, suna gudu a kan ƙanƙara kamar an harbo su daga baka. Su bangaji juna, su kife, su miƙe da kansu, ba mai ɗaga wani. Fili kuwa cike da 'yan kallo. Na kalla ya fi sau goma. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaman nan nasu da yadda suke tura jiki da hannu, ai namu ne sak a kan katako mai boris. Su sanda, mu silifa. Su ana haska su a talabijin, ni kuwa in na fito bakin titi a kan nawa katakon zan tafi atisaye, sai wani ya rage gudu ya miƙo mini naira hamsin. Wa ya san wasan nan sosai? Kuma me zai hana mu yi irinsa a Gombe?

Kawu na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ƙanƙara a Gombe? Ɗana, ƙanƙarar da za a saka a zoɓo da azumi ma sai an bi layi. Ka bar mu mu ji da zafin watan Afrilu.

Na Kanada: Kawu Allah ya ƙara lafiya, ka ba ni dariya. Ƙanina Ɗan Bolari, na san wasan, hokin guragu ne na kan ƙanƙara, don a unguwar da nake karatu akwai filin da suke atisaye, na sha zuwa kallo. Asalinsa daga Suwidin ne, a farkon shekarun 1960, a wata cibiyar kula da masu raunin jiki da ke birnin Sitokholm. Wasu da suka saba buga hoki kafin lalura ta same su suka ƙi haƙura, suka haɗa firam na ƙarfe, suka dasa masa wuƙaƙen takalmin zamiya guda biyu a ƙasa, suka koma kan ƙanƙara. Ya shiga gasar Faralimfik, wato Olamfik ta masu naƙasa, ta lokacin hunturu a 1994 a Lilehama ta ƙasar Nowe, kuma 'yan Suwidin ɗin ne suka ɗauki zinariyar farko.

Ga yadda ake yinsa. Mutum shida kowane ɓangare har da gola. Zubi uku ake yi, kowanne minti 15. Ba ƙwallo suke bugawa ba, wani dunƙulen baƙar roba ne mai tauri, kamar gwangwanin man takalmi, nauyinsa wajen giram 170. Sandar nan da ka gani ba ta wuce mita ɗaya, kuma aiki biyu take yi: bakinta ɗaya mai lanƙwasa na bugu ne, gindinta kuma an dasa masa haƙoran ƙarfe da ake cakawa a ƙanƙara a tura jiki. Wato da abin da kake gudu, da shi kake bugu, sai ka zame hannu daga wannan kai zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. An kuma ɗaga kujerar yadda robar za ta iya wucewa ta ƙarƙashinta, shi ya sa za ka ga gwani ya tura ta daga hannun dama zuwa na hagu ta ƙasan kansa ya bar mai tsaro yana dube-dube.

Ɗan Bolari: Yaya Allah ya saka da alheri. Wannan na wucewa ta ƙasa na gani, na ɗauka idona ne.

Kawu na Tudun Wada: To duk mun ji. Ƙanƙarar fa?

Na Kanada: A nan kam gaskiyarka ce Kawu. Filin ya kai wajen mita 60 a tsawo, 30 a faɗi, da bututun sanyi shimfiɗe a ƙarƙashinsa, injin na aiki dare da rana. Wuta ta ɗauke na 'yan awoyi, ka tashi da tafki. Ko a Kenya da suke da 'yan hokin ƙanƙara, fili ɗaya suka dogara da shi, a cikin otal ɗin Panari a Nairobi. Ba zan yaudari kowa in ce za a yi wannan a Gombe ba.

Koci: Salam. Na daɗe ina karantawa, na ce bari in bari a gama yabon na waje tukuna. Ɗan Bolari, kai da nake horarwa, kai ne kake tambayar me zai hana mu yi irin nasu? Mu fa muna da namu, kuma ba aro muka yi ba. Ƙwallon guragu a ƙasar nan aka haife ta, Alhaji Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ta a 1988, shi ma shan-inna ce ta taɓa shi. Daga nan ta ƙetara har Nijar da Gana. Duk ranar 24 ga Oktoba, ranar yaƙi da shan-inna ta duniya, ana shirya gasarta. Abin da Turawan Suwidin suka yi da wuƙar takalmi, shi namu ya yi da katako da boris. To namu ɗin mun gama riƙe shi ne da za mu ɗauko wani? Ƙwallo biyu gare mu a ƙungiya, ɗaya ta sha faci har ba a gane kalarta. Riga kowa da irin tasa. Wanda bai iya riƙe akuya ba ne zai ce a sayo masa raƙumi?

Ɗan Bolari: Koci ban raina namu ba wallahi, kai shaida ne ban taɓa fashin atisaye ba. Amma ka duba, su wasansu yana cikin Faralimfik, namu ba ya ciki. Yaro zai buga shekara goma, iyakarsa Abuja.

Koci: To in ka koyi nasu a kan siminti, iyakarka ina? Faralimfik ɗin a kan ƙanƙara ake yi. Ko Abujar ma ba za ka je ba.

Gimbiyar Pantami: Koci ka yi haƙuri in sa baki. A 2018 'yan matan Najeriya uku, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, sun je gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu a wasan tseren keken ƙanƙara. Da keken katako da Seun ta haɗa da hannunta suka fara koyo, suna tura shi a ƙasa.

Koci: Ƙanwata, a Amurka suke zaune. In sun gama tura katakon, mota ko jirgi za su hau su je inda ƙanƙarar take. Ke daga Pantami ina za ki hau?

Gimbiyar Pantami: Na karɓa. Amma ni dama ba lambar zinariya ce ta dame ni ba. Ina da tambaya ga Yaya na Kanada: mata suna bugawa?

Na Kanada: A takarda, gasar Faralimfik ta maza da mata ce a haɗe. A aikace kuwa matan da suka taɓa shiga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Akwai wata 'yar Nowe, Lena Schrøder, da ta buga a 2018. Yanzu dai matan suna da nasu ƙungiyoyin a Amurka da Kanada, suna ta fafutukar a ba su gasarsu daban.

Gimbiyar Pantami: Ashe ko'ina haka ne. Shekarata nawa a gidan nan, duk hirar wasanni ta maza ce. Ni ba zan iya ƙwallon katako ba, ba don kunya kaɗai ba. Ana rarrafe da tafin hannu a ƙasa, ana kifewa, ga taron maza. Mahaifiyata ba za ta bari ba, ni ma ban so. Amma zama daram a kujera an ɗaure ni, sanda a hannu, a cikin fili mai katanga, mu mata zalla? Wannan zan yi. Kuma na san mutum biyar da za su biyo ni.

Maman Sadik: Assalamu alaikum. Ni ban cika magana a nan ba. Ɗana shekararsa 13, babur ya buge shi shekara biyu da suka wuce, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji. Kafin nan ba ya zama a gida saboda ƙwallo. Na kai shi wajen masu katako sau ɗaya, ya kasa, don ba ya iya riƙe zamansa, da ya miƙa hannu sai ya tuntsure. Tun ranar bai sake tambaya ba. Yanzu na nuna masa bidiyon nan, ya karɓe wayar ya ƙi ba ni. Malamai, irin su Sadik suna iya wannan?

Mai Gashin Ƙashi: Wa alaikumus salam Maman Sadik, Allah ya ba shi lafiya. Tambayarki ita ce ta fi komai nauyi a hirar nan, kuma Koci ina so ka saurara da kyau. Ƙwallon katako an gina ta ne a kan jikin wanda shan-inna ta taɓa. Shan-inna tana kashe ƙarfin ƙafa amma ba ta ɗauke ji, kuma da yawansu bayansu da cikinsu da ƙarfi, ga kafaɗa da ta saba ɗaukar jiki tun yarinta. Shi ya sa suke zama a kan fallen katako ba jingina su yi ta juyi. Mai ciwon laka ba haka yake ba. Gwargwadon inda lakar ta taɓu, yana iya rasa ƙarfin riƙe gangar jiki, kuma ba ya jin abin da ke faruwa da fatarsa. Kujerar hokin nan kamar bokiti take, ta rungume ƙugu, tana da jingina, ga bel. Sabon shiga ana buɗa masa tazarar wuƙaƙen ƙasa don kada ya kife, in ya gwanance a matse su. Don haka masu ciwon laka da waɗanda aka yanke wa ƙafa da waɗanda aka haifa da matsalar ƙashin baya duk suna bugawa tare.

Ga wani abu kuma da ba mu cika faɗa ba. Tun 2016 ba a sake samun shan-inna ta daji, wato ƙwayar cutar ta asali, a Najeriya ba, a Borno aka ga ta ƙarshe, kuma a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da an kawar da ita a Afirka. Alhamdu lillahi. Amma ku zo ɗakin gashi ku ga su wa ake kawo mana yanzu: haɗarin babur da mota, faɗowa daga bishiya ko gini, harbin bindiga, ciwon suga da ya ci ƙafa, karayar da aka ɗaure tamau a gida har hannu ko ƙafa ta mutu. Nan da shekara ashirin yawancin matasan da za su nemi wasa irin Sadik ne, ba irin Ɗan Bolari ba. Wasan da muke da shi bai ɗauke su ba.

Koci: Likita wannan ta shige ni. Na tuna yaron ma. Na ɗauka tsoro ne ya hana shi dawowa. Maman Sadik a yafe ni.

Maman Sadik: Ba komai Malam, ba laifinka ba ne.

Mai Gashin Ƙashi: Sai dai kada a yi gaggawa. Abu biyu nake tsoro. Na farko gyambon zama. Yaron da ba ya ji, in kujera ta matse shi ko wani bakin ƙarfe ya goge shi, ba zai sani ba sai an ga ciwo, kuma irin wannan ciwon yana iya kwantar da mutum watanni. Dole a sa soso mai kyau, a duba fatarsa bayan kowane wasa, a fara da ɗan lokaci kaɗan. Na biyu kafaɗa. Mai ƙafa in ya ji ciwo a kafaɗa, hannu ɗaya ya rasa na ɗan lokaci. Gurgu in kafaɗarsa ta lalace, tafiyarsa ce ta tsaya, har shiga bayi sai an ɗauke shi. Ƙanƙara santsi gare ta, turi ɗaya ya kai ka nesa. Siminti kuwa riƙewa yake yi. Ban yarda a ɗauko salon turinsu a ɗora a kan siminti ba tare da an lura da wannan ba. Kuma kafin Sadik ya fara, likitan da ke duba shi ya amince tukuna.

Kawu na Tudun Wada: Likita kai ma "gurgu" kake cewa? Ba an ce yanzu masu buƙata ta musamman ba?

Ɗan Bolari: Kawu ni dai gurgu ne, buƙatata ta musamman kuwa jari.

Gimbiyar Pantami: Kai ka ji daɗin kiran kanka haka. Ni in ɗan gida ya faɗa ba na jin komai, in baƙo ya faɗa a kasuwa da wata murya, kwana nake da ita. Amma wannan hirar wata rana ce.

Mai Walda Jekadafari: Salam. Ni ba ɗan wasa ba ne, keken guragu nake haɗawa, shekara goma sha. Na tsayar da bidiyon na zuƙo hoton kujerar na duba. Wallahi ba wani abin tsoro a jiki. Fayif ne aka lanƙwasa kamar harafin U mai tsawo, da mazauni, da wurin ɗora ƙafa. Nasu da alama alminiyon ne, ni da baƙin fayif mara kauri zan yi, zai ɗan fi nauyi. Mazaunin kuwa in aka yanka jarka babba ta roba aka liƙa soso, za ta rungume ƙugu. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙasa. Boris yana da gudu amma ba ya son kwana, ga ƙara, ga cin siminti. Da zan samu tayoyin takalmin zamiya na gwanjo, irin na roba, su zan jera a tsakiya.

Na Kanada: Maigida ka harbo daidai. Su ma suna da kujera mai taya da suke atisaye da ita a kan daɓe in ba su samu ƙanƙara ba. A madadin haƙoran ƙarfe sai a sa wa gindin sandar roba.

Mai Walda Jekadafari: To ai shi ke nan. Tsohuwar tayar mota ba ta ƙarewa a garin nan. A yanko a ɗaura, kamar yadda ake yi wa sandar masu dogarawa.

Koci: Maganar cin siminti ta taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Akwai wani fili mai daɓe sumul da muka yi wata uku muna atisaye a kai, rana ɗaya mai gadi ya ce an ce kada mu sake shiga, wai boris ɗinmu na ɓata daɓen. Na bi ofis sau huɗu. Ofishin ma a sama yake, ba hanyar keke, sai dai in zauna a ƙasan bene in aika a kira mini mutum. Alhali tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Shekara biyar ɗin ta wuce. Yanzu a wani fegi muke yi wanda rabinsa tsakuwa ne, silifa ba ta sati biyu.

Kawu na Tudun Wada: Kun ga abin da nake faɗa. Ni na girme ku duka, na ga shirye-shirye iri-iri. A zo da 'yan jarida, a ɗauki hoto, a raba riga, a watse. Ni abin da zan so wa yaran nan sana'a ce. Wasa ba ya cika tukunya.

Ɗan Bolari: Kawu da girmanka, a nan ban bi ka ba. Kafin in fara ƙwallo, bara nake yi a bakin tasha, ba ɓoyayyen abu ba ne. A fili na haɗu da wanda ya koya mini gyaran waya. Ba ƙwallon ce ta ba ni kuɗi ba, amma ita ta sa na fara jin kunyar miƙa hannu, don ba zai yiwu jiya a yi ta kiran sunanka ka ci ƙwallo biyu, yau ka zauna kana Allah ya ba ku mu samu ba. Katakon ɗaya ne, ban canza shi ba.

Gimbiyar Pantami: Kuma Kawu ka tuna su wa ke fitar da ƙasar nan kunya. A Landan a 2012 masu ƙafa ba su samo ko tagulla a Olamfik ba, 'yan Faralimfik suka dawo da lambobi 13, shida zinariya. A Riyo a 2016 zinariya takwas. A Faris a 2024 ma masu ƙafa hannu rabbana suka dawo, namu suka kawo bakwai.

Kawu na Tudun Wada: 'Yata, yawancinsu a ɗaga ƙarfe ne, kuma ki karanta sunayen ki gaya mini 'yan Gombe nawa ne a ciki. To ku kai yaran ɗaga ƙarfe mana, tunda can hanya a buɗe take, ba sai an nemo ƙanƙara ba.

Mai Gashin Ƙashi: Wannan shawara ce mai kyau Kawu, ba wasa ba. Benci da ƙarfe kawai ake buƙata. Amma ɗan shekara 13 da ya saba bin ƙwallo da abokai, ba lallai kwanciya a benci shi kaɗai ta riƙe shi ba.

Na Kanada: Ɗan Bolari, in kana da data ka nemi wasan ƙarshe na hokin nan a Faralimfik ta 2018, Amurka da Kanada. Kanada na gaba da ci ɗaya har saura ƙasa da sakan 40 a tashi. Amurka ta cire golanta ta ƙara ɗan gaba, wani matashi Declan Farmer ya farke, aka shiga ƙarin lokaci ya sake ci. Shi haka aka haife shi, ƙafafunsa biyu na roba ne. A 2014 kuma wanda ya ci wa Amurka ƙwallo ɗaya tilo a kan Rasha, Josh Sweeney, tsohon soja ne da bam ya cire wa ƙafafu biyu a Afganistan. A nan Kanada har yau in aka tuna na 2018 sai ka ga ran mutane ya ɓaci.

Ɗan Bolari: Sojoji! Mu ma ai muna da su a yankin nan, waɗanda suka dawo daga daji ba ƙafa.

Koci: To ni ga matsayata. Ban yarda a kira shi hokin ƙanƙara ba, kuma ban yarda a taɓa kuɗin ƙwallonmu ba. Amma in Maigida zai haɗa kujera ɗaya a gwada, zan ba da rabin awa bayan atisayen Asabar. In ta yi, ko ƙwallonmu ta katako ma a iya sa irin su Sadik a raga da ita.

Gimbiyar Pantami: Mu kuma fa?

Koci: Ƙanwata a bari a ga ta farko ta tsaya da ƙafarta tukuna.

Gimbiyar Pantami: Haka ake ce mana kullum. Maigida, nawa za ka haɗa biyu? Zan yi magana da 'yan adashinmu.

Mai Walda Jekadafari: Hajiya bari in zaga kasuwa gobe in ji kuɗin fayif da tayoyin, kada in faɗa miki abin da zan dawo ina jin kunya. Kuɗin hannuna na ta Sadik na yafe. Maman Sadik, a auna mini faɗin ƙugunsa yana zaune, da tsawo daga bayansa zuwa diddige ƙafa a miƙe. Likita, kai za ka zaɓo soson, ni ban san wanda ba ya kwantawa ba.

Mai Gashin Ƙashi: Zan zo shagon da kaina ranar Alhamis bayan la'asar. Kada ka rufe walda sai na shafa ko'ina da hannuna. Kuma a nemo hular kwano, ko ta masu babur ce.

Maman Sadik: Allah ya saka muku da alheri. Ba mu da tef, amma akwai tela a maƙwabta, zan aro. Yana tambaya wai sandar guda biyu za a yi masa ko ɗaya.

Ɗan Bolari: Biyu, ki ce masa. Ni zan kai wa kafinta hoton.

Kawu na Tudun Wada: Duk kun gama tsari ba wanda ya ce a ina. A kan tsakuwar Koci za ku tura yaron? Akwai wata makaranta a unguwarmu mai daɓen siminti a tsakar gida, shugabanta ɗan ƙanwata ne. Ban yi alkawari ba. Ƙarfe nawa ne Asabar ɗin?